Bindigar da Na Sayar wa Badamagare

A Guangzhou kunne ne ke fara sayen kaya kafin ido. Duk ɗan kasuwarmu da ya kwana biyu a benen Tianxiu ya san haka. In an miƙo maka waya ko tocila ko injin markaɗe, sai ka kai kusa da kunne ka girgiza. Ka ji shiru, a ci gaba da ciniki. Ka ji wani abu ya yi ƙwas-ƙwas a ciki, ka ajiye ka ce wa mai shago ya kawo wani, in ya ce meyo, wato babu, ka yi gaba. A Jidda na ga masu turare suna saye da hanci, a Santanbul masu yadi da ɗan yatsa, a Kwatano masu gwanjon mota da ƙafa, suna harbin taya. Mu a nan girgizawa muke yi.

Sana'ata duba kaya ce. Mutanen gida da ba su sami biza ba, ko tafiyar ta yi musu nauyi, su turo mini abin da suke so, in je masana'anta in gani da idona, in tsaya har a rufe kwantena. Ba ni da shago, ba ni da haja. Abin da nake sayarwa shi ne in na ce kaya suna da kyau, mutum ya yarda daga Kano ko Maraɗi ba tare da ya gani ba.

Ofishin da ke jikin nawa na wani Badamagare ne, mai safarar kayan wutar lantarki. Tun muna da baƙin gashi muka san juna, a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Mun yi Dubai tare, kuma ni na fara zuwa Sin na kira shi. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bakano da Badamagare: wasa ne na gado, ba a fushi a kansa. Bai taɓa gaishe ni da ina kwana ba. Da safe zai leƙo ya ce bawansa ya iso, a kawo masa shayi. Ni kuma in tambaye shi ko an yi ruwa a garinsu bana, ko har yanzu tulu ya fi amarya daraja. Ya ce Bakano zai sayar maka da rijiya ya dawo ya ce gugan haya ne. Haka muke tun safe har a rufe bene, kuma lokacin da na kwanta asibiti a nan garin shi ya yi jinyata.

Bindigar kuwa tawa ce tun zamanin da na zauna a Nijar, wajen dangin mahaifiyata. 'Yar ƙarama ce ta farautar zabi da zomo, mai ƙananan harsasai, irin wadda in ka ɗana ta sau ɗaya da hannu, ita ke ɗana kanta bayan kowane harbi. Da takardarta na saye ta a Yamai, a shagon wani dattijo da ya yi aikin gyaran bindigogi a soja. Ni da na taso ina ganin bindigar toka a hannun maharban ƙauyenmu, ranar da na fara fita da ita na ɗauka an cuce ni. Na girgiza ta, na ji ƙarfe yana motsi a ciki. Na harba, ta tofo kwanson harsashi ta dama, da zafinsa. Da harsashin ƙarshe ya fita sai ƙarfen nan mai kai da komo, wanda nake kira sakata, ya tsaya a baya, bakinta a buɗe, kamar abin da ya maƙale. Bayan 'yan kwanaki kuma baƙin fentin cikinta ya goge a wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe.

Na mayar wa dattijon ina huci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko wata sabuwa fil daga kwali ya girgiza mini. Ita ma ƙwas-ƙwas. Ya ce abin da aka ƙera don ya yi ta kai da komo dole a bar masa ɗan sarari, in an matse shi ƙura kaɗan za ta tsayar da shi. Sakatar da ta tsaya a baya gaya mini take yi harsashi ya ƙare. Gogewar fenti alama ce ƙarafan suna sabawa da juna. Ya ƙara da cewa tana da zaɓen harsashi kamar yaro da miya, wani ta so, wani ta ƙi, kuma in na bar baƙin hayaƙi ya taru a cikinta ban goge ba, za ta riƙa cijewa. Shekara da shekaru na yi da ita, ban ga wani abu da ya wuce abin da ya faɗa ba.

Da ido ya fara yi mini hazo na daina fita daji. Wata shekara muna gida hutun salla, Badamagaren ya ce zomaye sun dame shi a lambunsa, in sayar masa. Na so in ba shi kyauta, ya ce ba ya karɓar kyautar bawa, sai ya biya. Muka je buro, wato ofishin hukuma, aka juya takardar da sunansa. Mun shirya za mu fita daji in nuna masa halinta, sai aka kira ni kan wata kwantena, na dawo Sin na bar shi a can.

Ya dawo bayan wata biyu ko uku. Akwai wani gidan abinci a layin Dengfeng inda mutanenmu ke taruwa bayan sallar Juma'a, Kanawa da 'yan Maraɗi da 'yan Kumasi, a ci tuwon shinkafa a yi hira. A nan ya fara ba da labarin. Ya jefa cokali a cikin fulas ɗin shayi ya girgiza kusa da kunnensa, ya ce ga bindigar da Bakano ya sayar masa. Shi bahago ne, don haka kwanson da take tofowa ta dama ta gaban fuskarsa yake wucewa, har ɗaya ya faɗa masa cikin wuyan riga. Ya miƙe ya nuna yadda ya yi ta tsalle a lambu yana kaɗa riga, zomon da ya je kashewa yana zaune yana kallonsa. Ya ce daga ƙarshe bindigar ta hangame baki ta ƙi rufewa, kamar mai gidanta in ya ga kuɗi.

An yi dariya har da masu tari, ni ma na yi. Na ce laifina ne da na ba mutumin da bai saba riƙe komai ba sai guga. Da aka lafa na fara bayanin cewa haka irinta take, amma wa zai saurari bayani bayan an sha dariya? Kuma a teburin nan kowa sana'arsa ta koya masa cewa abin da ya yi ƙara in an girgiza jabu ne. Wani ɗan Kumasi ya ce, Alhaji, ko fitila ce ta yi haka ai kai ma ba za ka bari a loda ta ba. Aka sake fashewa.

Na ɗauka ya wuce. Sai ya zama duk Juma'ar da aka yi baƙi daga gida, sai an ce Badamagare ya ba su labarin bindiga. Labarin yana ta yin kitso. Ya zama an goge ta da baƙin mai don a rufe tsatsa, ya zama na gudo Sin ne don kada a kama ni a daji. Kuma ya sami wutsiya da ba ta cikinsa da farko. In ya gama sai ya juya ga baƙin yana murmushi ya ce su dai yi hattara, wanda ya yi wa amininsa haka, ina ga wanda yake can Kano yana jiran kwantena. A wannan lokacin ne kuma ya fara karɓar aikin duba kaya, don kasuwar kayan wuta ta ja baya. Ni na nuna masa masana'antu biyu na farko da ya fara zuwa. Ban haɗa wannan da wancan ba.

Akwai wata Hajiya a Kano mai sayar da kekunan ɗinki, wadda na yi wa aiki tun tana haɗa rabin kwantena da wasu. Lokacin sarinta ya zo ban ji ta ba. Na kira. Muka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce wannan karon ta ba abokina, don a raba arziki. Na ce madalla. Har za mu yi sallama ta ce, cikin sanyin murya, ita fa ba ta yarda da duk abin da ake faɗa ba, amma ƙaninta da ya zo Guangzhou ya ji maganar bindiga da kunnensa, daga bakin mai ita, kuma ina zaune a wurin ban musa ba, dariya ma nake yi.

Bayanta wasu biyu suka bi. Na rasa inda zan kai kuka. A Masar na ga mutum ya kai abokinsa gaban manya kan magana ɗaya, a Dubai na ga an kai ƙara kotu. Amma Bakano ya je ya ce Badamagare ya ɓata masa suna? Dariya za a yi masa, a ce tsufa ya sa ya manta da al'ada. Ni kuma a raina ban zarge shi ba. Na ce mutumin nan da gaske yake jin an cuce shi, kunya ce ta hana shi faɗa mini kai tsaye, shi ya sa yake fitar da abin ta hanyar wasa. In ya gani da idonsa, magana ta ƙare.

A Sin ba a barin kowa ya ajiye bindiga a gida, ko ɗan ƙasa, balle baƙo. Amma akwai wuraren koyon harbi da hukuma ta amince da su, a nuna fasfo a biya a shiga. Wani Basine da nake sayen injuna a wurinsa ya kwatanta mini ɗaya a bayan gari. Na yi tunanin in gayyaci mutum biyu daga teburin su zama shaida, sai na fasa. Ban so a ga dattijo kamar abokina ya ji kunya a gaban jama'a ba. Na ce masa kawai ya zo in kai shi makaranta, ya ce bawa ba ya koya wa ubangijinsa karatu, amma zai zo ya ga ƙarshen ƙaryar Kanawa.

Wurin dogon ɗaki ne mai sanyi, kowace bindiga an ɗaure ta da sarƙa a jikin tebur don kada bakinta ya juya. Aka ba mu abin toshe kunne. Na roƙi malamin wurin da ɗan Sinancin da nake da shi ya ba mu ƙarama mai ɗana kanta. Ba irin tawa ba ce sak, amma danginsu ɗaya. Kafin a sa harsashi na ce wa malamin ya ɗan girgiza ta. Ya dube ni kamar bai gane dalili ba, ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Na tambaye shi ko ta lalace ne. Ya yi dariya ya ce duk haka suke. Na fassara wa abokina, ya ɗaga kafaɗa.

Shi ya fara harbi. Ina tsaye a bayansa, ina jiran in ga fuskarsa lokacin da sakata za ta tsaya. Sai na ga wani abu dabam. Kafin ya kai hannu ga bindigar, ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa na sama ya sake maƙala shi sosai, ya ja hularsa gefen dama. Ya kafa ta a kafaɗar hagu, ya ɗan janye fuskarsa baya daidai yadda kwanso zai wuce bai taɓa shi ba. Ya yi ta harbi a natse, kwansuna suna wucewa ta gaban hancinsa ko ƙiftawa ba ya yi. Da harsashi ya ƙare sakata ta tsaya a baya, bai ko dube ta ba. Ya zare gidan harsashin ya miƙa wa malamin, ya leƙa ciki ya tabbatar ba komai, kamar mai leƙa tukunya. Da aka jawo takardar saiti, ramukan duk sun taru wuri ɗaya. Malamin ya ɗaga masa babban yatsa.

Mutumin da ya harba bindiga sau ɗaya ya jefar da ita don tsoro ba ya yin haka. Ni ban ma karɓi nawa layin ba. Na ce ido ba ya gani, mu tafi.

Muka shiga tasi, muka kama hanya har muka hau babbar gada. Sannan na tambaye shi tun yaushe ya sani. Bai yi musu ba. Ya ce tun makon farko. Maƙwabcinsa tsohon jandarma ne, shi ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau, ya nuna masa yadda bahago ke tsayawa da yadda ake goge ta. Ya ce zomayen lambu sun ƙare, har zabi ya kai wa surukansa. Yana faɗa yana dariya, yana dukan gwiwata.

Na ce, "To me ya sa?"

Ya ce, "Haba bawana. Wasa ne fa. Labarin ya yi daɗi, mutane suna so. In bar shi don me?"

Na ce masa Hajiya mai kekuna ta bar ni saboda wannan wasan, kuma wurinsa ta koma. Ya juya yana kallon taga. Ya ce shi bai kira ta ba, ita ta kira shi. Ya ce ni na daɗe ina ci a wannan sana'a, yarana sun girma, shi kuwa har yanzu yana da na makaranta. Arziki na Allah ne, in ji shi, ba labarin teburi ke raba shi ba.

Na ce ba na neman ya mayar mini da kowa. Abu ɗaya nake so: ranar Juma'a, a teburin nan, ya faɗa da bakinsa cewa bindigar lafiyarta ƙalau, kuma ya san haka. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, an gama.

Juma'ar ta zo, gidan abincin ya cika, har da baƙi uku daga Kano da suka sauka a unguwar Sanyuanli. Da aka ci aka sha ya buga tebur ya ce yana da sanarwa kan bindiga. Zuciyata ta yi sanyi. Ya ce Bakano ya ɗauke shi a tasi har bayan gari, ya biya kuɗin shiga da aljihunsa, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa Kano. Aka yi dariya. Ya ce an kawo ta Sinawa, an girgiza, ita ma ƙwas-ƙwas, ita ma ta hangame baki. Ya dakata ya dubi jama'a. Ya ce yanzu ya gane gaskiya, ya kuma wanke bawansa: ashe ba shi ya lalata ta ba, tun daga masana'anta jabu ce, kuma Bakano ya san masana'antar, har ya kai shi ya ga 'yar'uwarta. Sai ya juya ga baƙin ya ce kun ji irin mai duba kayan da ake da shi.

Har mai gidan abincin ya fito daga kicin yana dariya. Na jira aka lafa. Ban ɗaga murya ba.

Na ce, "Alhaji, na roƙe ka abu ɗaya ka ce an gama. Ku shaida, daga yau babu wasa tsakanina da wannan bawan Allah. Na ajiye."

Ban taɓa kiransa Alhaji ba sai ranar. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ce in yi istigfari, abin da kakanni suka ƙulla ba mutum ɗaya ke kwance shi ba, kuma ba a san ni da haka ba. Na ce masa bindigar lafiyarta ƙalau, mai ita ya sani tun makon farko, ga shi nan a tambaye shi. Aka juya ana kallonsa. Ya buɗe hannuwa ya yi murmushi ya ce kun gani ko, Bakano ya ji zafi. Wasu suka yi 'yar dariya don a rufe maganar. Na wanke hannu na fita.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Mutum biyu ko uku sun same ni a ofis sun ce sun gane, amma da na yi haƙuri. A wurin sauran na zama dattijon da bai iya ɗaukar wasa ba, kuma wannan labarin ma ya isa gida, ya hau kan na farko. Hajiya ba ta dawo ba. Aikin da ya rage mini na tsofaffin abokan hulɗa ne da ba su da kowa a teburin Dengfeng, kuma ya ishe ni ci da biyan haya.

Ofishinsa yana nan jikin nawa. Kusan kullum muna haɗuwa a bakin lif. Makon farko ya gwada, ya ce bawansa ya iso, na ce masa ina kwana Alhaji, ya iyali. Ya gwada sau biyu ko uku, sannan ya daina. Yanzu shi ma haka yake gaishe ni. Ina kwana, lafiya lau, ya kasuwa, da godiya, ya mutanen gida, suna lafiya. Mukan yi ta har lif ya kai hawanmu, ba ma tsallake ko gaisuwa ɗaya, sannan kowa ya buɗe ƙofarsa.